Ruwan Kwakwa da Hannun Gwaggo

Litinin, 1 ga Satumba

Allah ya ja zamanin masu ilimi. Shekara biyu ke nan ina aiki a cikinsu, kullum sai na ƙara ganin girmansu. Mutane ne masu tsarkin zuciya: ka ɗauko kwalba, ka liƙa mata takarda, ka rubuta suna da kwanan wata, shi ke nan ta zama abin da ka rubuta. Ba mai sunsunawa, ba mai ɗanɗanawa, ba mai girgizawa ya kara a kunne. A kasuwar da na yi shekara goma sha bakwai, mace ba ta sayen ko kwalin ashana sai ta buɗe ta leƙa. Nan kuwa, a ɗakin binciken tsirrai, maigidana Dakta da digirinsa uku, in na rubuta "ruwa" a jikin kwalbar kananzir, ina jin sai ya haɗa shayi da shi, ya kuma rubuta a littafi cewa shayin yau ya ɗan yi ƙamshi.

Ba zaginsa nake ba. Mutumin kirki ne, ga sanyin hali, ga rigar sanyinsa guda ɗaya da ba ya rabuwa da ita.

Bari in rubuta aikin yadda na fahimce shi, don Maman yara har yau in an tambaye ta sai ta ce mijinta yana dafa wa ciyawa abinci. Dakta yana haɗa tumatirin lambu da wani ɗan'uwansa na daji wanda cuta ba ta kama shi. Furen yana kamawa, ya yi 'ya'ya, amma irin da ke ciki yakan mutu tun bai ƙosa ba. To kafin ya mutu sai a yanka tumatirin, a fasa irin, a zaro ɗan tayin da ke ciki, wanda bai kai kan allura ba, a kwantar da shi a kan wani abinci mai kama da jeli a cikin farantin gilas. A nan zai girma in yana da rabo.

Zaro ɗan tayin aikin Gwaggo ne. Ba gwaggona ba ce, haka kowa ke kiranta, har shugaban wurin. Shekara goma sha tara tana kan kujerar nan gaban madubin ƙara girma. Ita ta koya mini wanke hannu har gwiwa, ita ta raɗa mini Ɗan Kasuwa.

Abincin kuwa nawa ne. Gishirin sinadari, sukari, bitamin, garin jeli, duk a aune. Sai ƙari guda da ba ya zuwa daga kamfani: ruwan ɗanyar kwakwa, koriya, wadda ba ta yi ƙwari ba. Dakta ya ce a cikinsa akwai abin da ke sa ɗan tayi ya motsa. Wannan ni ke nemowa, don an san kasuwa gidana ce.

Zagayen farko ranar Litinin mai zuwa. Ruwan da ke firiza ya ƙare.

Laraba, 3 ga Satumba

Dogo mai kwakwa ya ce motarsu ta lalace a hanya, ɗanya sai mako mai zuwa. Na zaga layin kayan marmari kaf, har bayan tasha. Busassu kawai, masu gemu.

Dakta ya tare ni a ƙofa ya ce an samu? Na ce ai in ni na fita nema, samu ya zama dole. Ya yi dariya ya wuce.

Maigidana na farko a kasuwa ya taɓa ɗauke ni da mari don na ce wa wata mata babu. Ya ce a shagonsa ba a furta wannan kalmar. In babu abin da ake nema, akwai ɗan'uwansa, ka ɗauko, ka yabe shi, ka naɗe. Marin ya warke tuntuni, darasin ne ya ƙi fita.

Alhamis, 4 ga Satumba

Babban kantin da ke kan titin asibiti yana da ruwan kwakwa na kwali. Ga hoton koriyar kwakwa a jiki, an soka mata tsinken sha. An rubuta da manyan baƙi cewa tsantsa ne. Na ɗauko shida.

Na tace, na ɗumama, na sake tacewa, na raba a ƙananan kwalabe, na liƙa takarda: ruwan kwakwa, 4 ga Satumba. In aka bi ta gaskiya, ina ƙaryar take? Ruwa ne. Na kwakwa ne. Yau huɗu ga wata.

Kwalayen na kai su juji na bayan gareji, ba kwandon ofis ba. Wannan dai don tsabta ne.

Litinin, 8 ga Satumba

Gwaggo ta zaro sittin yau. Ni ke miƙa mata farantai, ina rufewa, ina rubuta lamba. In tana aiki ba ta magana, numfashinta ma da ƙyar ake ji. Na leƙa madubin sau ɗaya. Abin fari fat, a lanƙwashe, kamar jaririn da ya yi barci a kan gefe.

Da hutun rana ta ɗauki kofin shayi, sai na ga yana kaɗawa, har ya ɗiga mata a zane. Ta lura na gani. Ta ajiye kofin ta ce wata huɗu ke nan, hannun dama ne, yana zuwa yana tafiya, amma da ta kama allura ta sa ido a madubi sai ya natsu. Ta je asibiti an ba ta ƙwayoyi. Ta ce ko 'yarta ba ta gaya wa ba.

"Ɗan Kasuwa, ka gani da idonka shi ya sa na faɗa maka. Ya tsaya nan."

Na ce haba Gwaggo, ni da na riƙe sirrin 'yan kasuwa ɗari. Na ma rantse, ba tare da ta nema ba.

Talata, 9 ga Satumba

Wasu sittin. Ɗari da ashirin ke nan a ɗakin haske, inda ake renon su ƙarƙashin fitilu, a jere kamar 'yan makaranta.

Litinin, 15 ga Satumba

Ya kamata a ce sun fara kore. Ba su yi ba. Wasu sun yi ruwan ƙasa daga gindi. Dakta ya ɗaga faranti a gaban fitila ya daɗe yana kallo, ya ce abin mamaki, ko ɗigon fumfuna babu, farantan tas suke. Ya ma yaba mini da tsabta.

Na ce na gode.

Juma'a, 19 ga Satumba

Duka. Ɗari da ashirin, ko ɗaya bai motsa ba. Aikin Dakta na wata biyar a lambun gilas, yana bin fure ɗaya bayan ɗaya da ɗan burushi.

Da aka tashi na koma kantin. Ban saya ba, na dai ɗauki kwali na juya bayansa, na sa tabarau. Can ƙasa, da rubutu kamar ƙafar tururuwa: ruwan kwakwa, sukari, maganin hana lalacewa, da wasu lambobi biyu. Maganin hana lalacewa. Abin da aka zuba don kada komai mai rai ya yi girma a ciki. Shi ya sa farantan suka yi tas.

Ni. Ni da nake yi wa masu digiri dariyar yarda da takarda. Na karanta gaban kwali na ɗauka, kamar baƙon da ya sauka daga mota yau.

Mai gadin kantin ya ce in ba saye zan yi ba in ajiye.

Litinin, 22 ga Satumba

Dakta ya kira ni ofishinsa shi kaɗai. Ya buɗe littafin haɗi, ya bi layi-layi da yatsa. Sukari daidai, tsami daidai, tukunyar tururi ta kai zafinta. Ya ce akwai abin da na canza? Na ce komai yadda aka rubuta, Dakta. Ya ce ruwan kwakwar fa? Na ce ga kwanan wata nan a jiki.

Ya dafe kai. Ya ce in ba ƙwayar cuta ba ce, ba abinci ba ne, to saura wajen zarowa. Ɗan tayi in allura ta ɗan ƙwarzane shi haka yake yi, ya yi duhu ya mutu. Amma Gwaggo ce fa. Ya ce shi bai taɓa ganin hannu irin nata ba.

A nan ya kamata in yi shiru. Shiru kawai, ko gaskiyar ba sai na faɗa ba. Amma na ga ƙofa a buɗe, kuma duk wanda ya yi ciniki ya san in mai saye ya karkata ga wani kaya ba ka mayar da shi baya, ɗan turawa kake. Na sauke murya na ce, ai shekaru ba sa barin kowa, Dakta. Ya ɗago. Na ce ni dai ban ce komai ba, amma ya lura da ita wajen shan shayi.

Ban ce ita ta kashe su ba. Na sake bin maganata a hanya, kalma-kalma, babu inda na faɗi haka.

Laraba, 24 ga Satumba

Yau Dakta ya zo shan shayi tare da mu, abin da bai taɓa yi ba. Gwaggo har murna ta yi, ta ba shi kujerarta. Ya zauna yana hira, idonsa na kan kofinta.

Kofin ya kaɗa.

Asabar, 27 ga Satumba

Dogo ya samu ɗanya, kore shar, masu nauyi. Na zaɓi goma sha biyu, kowace sai da na ƙwanƙwasa na girgiza. Ya ce yau kuma surukai za a kai wa? Na ce ya yi cinikinsa.

Zagaye na biyu ranar Laraba. Ba zan bari a sake kwantar da 'ya'yan mutane a kan guba ba. Wannan ai alheri ne. Mutum ya yi kuskure, ya gyara, ba tare da ya tara jama'a ba. Me ya rage?

Litinin, 29 ga Satumba

Na riga kowa zuwa. Na fasa, na tace, na ɗumama, na raba. Tsofaffin kwalaben na juye a magudana, na cika su da sabon ruwa, takardun jikinsu ban taɓa ba. Har yanzu 4 ga Satumba suke cewa.

Guda ɗaya na bari da tsohon ruwan, na tura ta can ƙuryar firiza bayan ƙanƙara. Ban san dalili ba. Wataƙila hannun ɗan kasuwa ne da ba ya iya zubar da kaya duka.

Laraba, 1 ga Oktoba

Dakta ya ce wa Gwaggo wannan karon shi zai zaro da kansa, don a gwada abu ɗaya-ɗaya: abinci na nan yadda yake, hannu kawai za a canza. Cikin ladabi ya faɗa, yana ta sosa ƙeya. Ta ce to, Dakta. Ta tashi ta ba shi kujerar, har ta rage masa tsawonta.

Abinci na nan yadda yake.

Sai da ya faɗi haka na gane abin da na yi. Wallahi ban hango wannan ba. Ni tumatir nake ceto. Ban yi tunanin in na gyara ruwan a ɓoye, duk wanda ya zauna a kujerar zai fito da gaskiya, wadda ta tashi kuma ta fito da laifi ba.

Hannunsa ba ya rawa, amma nauyi gare shi kamar na mai faskare. Hamsin ya zaro a wuni guda, ya murƙushe tara. Gwaggo na tsaye a bayansa, hannuwanta a cikin aljihun farar riga, tana gaya masa ta inda ake shiga.

Ban san me na roƙa a zuciyata ba, su rayu ko su mutu.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sun yi kore. Ashirin da shida. Wasu har sun buɗe 'yan ganyen nan biyu na farko.

Dakta ya rungume ni.

Juma'a, 10 ga Oktoba

An mayar da Gwaggo ɗakin wanke kwalabe. Dakta ya ce na ɗan lokaci ne kafin ofis su duba takardar da ya rubuta musu. Kowa ya san irin wannan ɗan lokacin. Daga wanke kwalabe sai a kira ka a ba ka agogon bango na ritaya a ɗauki hoto.

Ɗakin yana jikin nawa, bango ɗaya. Ina jin ƙarar famfo da gilas tun safe. Da tana yin 'yar waƙa ƙasa-ƙasa in tana goge allurarta. Yanzu famfo kawai.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na so a ce Gwaggo ta zage ni. Na shirya wa zagi, ina da amsoshi har uku.

Ta same ni ina auna sukari, ta jingina da ƙofa, safar roba har gwiwar hannu, tana ɗiga. Ta ce ta zo ne ta gode mini. Ta san Dakta da idonsa ya gani, ni kuwa na riƙe mata sirrin har ƙarshe. Ta ce abin da ke damunta ba kujerar ba ce. Ta zauna ta tuna kowane ɗaya cikin ɗari da ashirin ɗin, ba ta tuna inda allura ta taɓa ko guda ba. Ashe mutum zai iya ɓarna haka bai ji a hannunsa ba.

"Da na san na kai nan, Ɗan Kasuwa, da ni zan fara tashi. Ba sai an tashe ni ba."

Ta yarda. Abin da ban yi lissafinsa ba ke nan. Na sayar wa Dakta ƙarya, ashe har ita ta saya.

Na ce sai haƙuri, Gwaggo. Na zuba sukari ya wuce awo, na kwashe na sake.

Laraba, 15 ga Oktoba

Maman yara ta ce kwana uku ke nan ina barin abinci, kuma ban yi wa mai gyaran famfo gardama ba, don haka ko ciwo ne ko laifi. Na ba ta labarin a matsayin na wani abokin aikinmu. Na gyara shi sosai, na sa masa uzuri ta ko'ina: motar da ta lalace, rubutun da ba ya karantuwa, niyyar alheri.

Tana ninke kayan makarantar yara, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wannan abokin naka, shi ma yana taune farcen babban yatsa in yana ƙarya?

Na cire yatsan daga baki.

Na ce in na faɗa, aikin zai iya tafiya, kuma mijin Yaya ne ya tsaya mini aka ɗauke ni, da wane ido zan kalle shi? Ta ce ita ba ta ce in faɗa ba. Ta ce kawai ita ce ke kwana ɗaki ɗaya da ni, tana so ta san da wa take kwana.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na tsara hanyoyi huɗu da gaskiya za ta fito ba tare da ta bi ta bakina ba. Ta farko, a ce Dogo ne ya ba ni ruwa a jarka. Ta biyu, firiza ta ɗauke. Sauran biyun ko rubutawa ba zan yi ba. Duk suna da kyau, kowace kuma akwai wanda za ta faɗa wa a kai.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na sayi kwali ɗaya a kantin. Na tono kwalbar daga bayan ƙanƙara. Na ajiye su biyun a teburin Dakta, na juya masa bayan kwalin, na nuna layin da yatsa. Na yi niyyar in fara da bayani mai tsawo, yadda ake shimfiɗa wa mai saye tabarma kafin a faɗi farashi. Bakin ya ƙi. Cikin minti biyar na gama, har da juye kwalaben.

Ya cire tabarau ya ajiye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai wani haɗin da ba ya buƙatar ruwan kwakwa sam, yana da jinkiri amma yana yi, yana nan a shafi na uku na littafin da nake buɗewa kullum. Da na ce masa ba a samu ba, da shi za mu yi.

Shafi na uku. Na sha wuce shi.

Sai ya ce ruwan ya bayyana mutuwar 'yan tayin, amma takardar da ya aika ofis maganar hannu take yi.

"Rawar hannun gaskiya ce, ko ita ma ta kwali ce?"

Na ce gaskiya ce, Dakta. Amma ba ta yi a kan madubi.

Ya ce wannan sai ya gani da kansa, don ya gaji da jin abubuwa daga wurina. Saura 'ya'yan tumatir na ƙarshe a lambun gilas, za su ba da kamar arba'in. Ranar Talata Gwaggo za ta zaro, yana tsaye. In sun yi, ya janye takardar. In ba su yi ba, ba shi da abin da zai kai wa ofis. Ni kuma takardar gargaɗi, da ɗakin wanke kwalabe, sauran hukunci sai abin da shugaba ya ce.

Na miƙe zan fita, ya ce saura abu ɗaya. Ni zan gaya mata. Duka, har da shayin.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mijin Yaya ya kira. Na bar wayar ta gama kukanta.

Litinin, 20 ga Oktoba

A bakin famfo na same ta. Na ce Gwaggo, ki ɗan kashe ruwan. Na fara da kwali. Tana saurare, sai na ga fuskarta tana buɗewa a hankali, ta ɗaga hannun daman tana kallonsa kamar ɗan da aka ce ya yi sata aka gano ba shi ba ne. Har ta ɗan yi dariya, ta ce kai Ɗan Kasuwa, Allah ya shirye ka, ruwan kanti?

Da na tsaya a nan da mun rabu lafiya. Na ga hanyar fita sarai, a share. Dakta ba zai taɓa tambayarta ba.

Na gaya mata maganar shayin.

Ta cire safar hannu ɗaya, ta cire ɗayar, ta shanya su a bakin kwatami, ta daidaita yatsunsu.

"Ruwan na yafe. Kowa na kuskure da ruwa. Hannun kuwa ni na ba ka ajiya."

Ta kunna famfo. Na tsaya kaɗan ko akwai ƙari. Babu.

Talata, 21 ga Oktoba

Ba a bar ni na shiga ba. Dakta da kansa ya haɗa abincin, shi ke miƙa farantai. Na kalla ta gilashin ƙofa, da burushin kwalba a hannuna.

Da Gwaggo ta ɗauki allurar, hannun ya yi rawa. Sosai, har daga inda nake ana gani. Bai taɓa yi mata haka a kan kujerar ba, amma da ba a taɓa tsaya mata a ka ana jira ya yi ba. Wannan ma ni na jawo mata. Ta ajiye allurar, ta ɗora hannuwan a cinya, ta rufe ido. Dakta ya kawar da kai yana karanta wata takarda a bango wadda ya fi shekara da haddacewa.

Sannan ta danne wuyan hannunta a kan bakin teburin ƙarfen, ta sa ido a madubi.

Arba'in da ɗaya. Ba ta tashi ko shan ruwa ba. Da ta fito ta wuce ni, na ga bakin ƙarfen ya yi mata jan layi a wuyan hannu, har ya ɗan kumbura.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wanke kwalba ba wasa ba ne. Jelin in ya bushe a gindi sai ka yi kamar za ka yi kuka. Gwaggo ta yi kwana goma a nan ba ta yi ƙorafi ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na shiga ɗakin haske sau biyar yau. Sanyin na'ura nake bi, ɗakin wanki zafi gare shi.

Laraba, 29 ga Oktoba

Talatin da huɗu cikin arba'in da ɗaya.

Dakta da ashirin da shidansa cikin hamsin ya tsaya yana kallon farantan, ya ce to, an nuna masa matsayinsa. Ya tafi ofis da kansa ya karɓo takardar. Amma sun riga sun karanta. Sun ce Gwaggo ta koma kujerarta, sai dai duk wata shida za ta riƙa kawo takardar likita. Da ba wanda zai nemi wannan. Ruwan an zubar, an wanke kwalaben, wannan kuwa ya shiga fayil.

Na ce mata barka, Gwaggo. Ta ce yauwa, Malam.

Malam.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Shugaba ya ce in zauna a ɗakin wanki har ƙarshen shekara, sannan a gani. Na je na sami mijin Yaya ranar Asabar. Ya yi faɗansa, na sha. Dakta ya ce wa wani baƙo a gabana wai ni mutum ne mai gaskiya. Na duba bayana ko da wani yake.

An kawo sabon aiki, na barkono. Gwaggo tana kan kujerarta tun ranar Alhamis. Har yanzu tana danne hannun a bakin ƙarfe, layin nan bai ɓace ba. Ba ma hira. In ta zo karɓar farantai ta ce sannu, in ce sannu.

Akwai wani ɗan tawul fari a gida, na yara, ba mai amfani da shi. Maman yara ta ce ta neme shi ba ta gani ba, na ce ina zan sani. Ya dai shigo jakata. Tunda ya shigo, na sa shi a tukunyar tururi tare da kwalabe, don wuri ya rage. Kuma tunda ni ke riga kowa zuwa, na ninke shi huɗu na ɗora a bakin teburin, daidai inda ƙarfen yake ci. Ba wani abu ba ne, tawul ne.

Ranar Alhamis ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin wanki, ta zauna. Ranar Juma'a na tarar ta gyara ninkin, ta mayar da shi uku. Yau da aka tashi ta bar shi a kan kwandon kayan da za a sa a tukunyar tururi gobe, inda dole ni zan ɗauka.

Ban tambaye ta ba. To wanda bai ture tawul ba, ya yafe ne, ko dai tawul ɗin ne ke da laushi?